Hoto ya ce hanji ya kumbura, jini ya ce lafiya lau: wanne za mu bi?

Ƙanwata tana fama da cutar Crohn, wato ciwon kumburin hanji mai daɗewa, kuma kumburin yana ƙarshen ƙaramin hanji ne, wurin da ya haɗu da babban hanji. Ta daɗe tana kan allurar da ke danne garkuwar jiki, ciwon cikin ya lafa sosai, gudawa ma ta tsaya. Gwajin CRP na jini, mai nuna kumburi a jiki, ya dawo daidai, gwajin calprotectin na bahaya kuma, mai nuna kumburin hanji, ya sauka ƙwarai.

Sai hoton MRI na hanji, wanda ake shan ruwa mai yawa kafin a ɗauka, ya nuna bangon hanjin har yanzu ya yi kauri, ya wuce milimita 3, kuma wurin ya ɗan tsuke. Nan muka tsaya cik. Na karanta cewa kauri kan zo daga kumburi mai ci yanzu, kan kuma zo daga tabon da tsohon kumburi ya bari. Magani yana kashe na farko, tabo kuwa ba ya jin allura, wani lokaci sai tiyata ko buɗa wurin. Likitanta na tunanin ƙara ƙarfin maganin, ni kuma hankalina bai kwanta ba, don idan tabo ne an ƙara mata haɗarin kamuwa da cututtuka a banza.

Don Allah masana, me ake dubawa a hoton da ke bambance kumburi da tabo? Shin sikanin hanji na ultrasound zai ƙara haske, ko sai an koma duba ciki da kyamara? Hoton CT ba ma so a yawaita saboda tururin radiyeshon, ga ta yarinya ce.