Me za mu kira "haikin" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan tattakin tsauni

1/ 'Yan'uwa, kalmar nan da Turawa ke cewa "haikin" ta daɗe da tsaya mini a rai. Ma'anarta mutum ya goya jaka, ya bi 'yar siririyar hanya da ƙafa cikin tsaunuka, wuni guda ko kwanaki, ba don an aike shi ba, ba kuma don ya rasa abin hawa ba. Shekara uku ke nan ina yin abin, amma duk sa'ad da na zo ba da labari a zumuntar majami'a sai bakina ya riƙe.

2/ Da na tambaya, yawanci "hawan dutse" kuka ce. Ban ƙi ba, sai dai wannan sunan yana da mai shi: masu igiya da ƙugiya, waɗanda ke manne wa jikin dutse kamar ƙadangare. Namu ƙafa ce da sanda kawai.

3/ "Yawo" kuwa a bar shi. Ka ce wa dattijo ka tafi yawo, ya gama yanke maka hukunci. "Yawon buɗe ido" na mai kallo ne, babu gumi a cikinsa.

4/ Wata 'yar'uwa ta kawo "haurawa", kuma ita ce ta fi ba ni wuya in saki. Hujjarta mai ƙarfi ce. Zabura 120 zuwa 134, guda 15, ana kiransu waƙoƙin haurawa, ana kuma danganta su da masu zuwa idi Urushalima. Wanda ya taso daga Yariko, wadda take ƙasa da matakin teku da kusan mita 250, sai ya haura sama da mita 1,000 kafin ya iso birnin. Wato mai yiwuwa da haki aka rera waƙoƙin nan. Yaya, na gode, kin sa na sake karanta su da wani ido. Amma haurawa rabin tafiya ce. Duk wanda ya taɓa yi ya san gangara ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan ne ƙafa ta fi zamewa, lokacin da ƙarfi ya ƙare, rana kuma tana shirin faɗuwa.

5/ Shi ya sa na koma ga "tattaki". Ku saurari yadda muke faɗinta: "Mun gode da tattaki." Wa ake gaya wa haka? Wanda ya taso takanas, ya sha hanya, alhali da ya zauna babu mai ganin laifinsa. Akwai ƙafa a cikin kalmar, akwai nisa, akwai wahalar da mutum ya ɗauka da yardarsa. Abin da ya rage shi ne a faɗi inda ake takawa: tattakin tsauni.

6/ Ba don ƙawa nake nace wa wahalar nan ba. Na fara fita ne bayan rasuwar ƙanena, wanda muka yi wata takwas muna jinya. A lokacin addu'a ta ƙi fita daga bakina. Ran nan a tsakiyar wani hayi na tsaya, dunduniyata ta saɓule, safa ta manne da ciwon, ina jin bugun zuciyata a kunne. Na dubi sama, ban ga ƙarshen hanyar ba. Sai na ce taku ashirin kawai zan yi in huta. A cikin ƙirgen nan na ji bakina yana cewa "Ubangiji, ka yi jinƙai", kalma ɗaya a kan kowane taku. Ita ce addu'ata ta farko cikin makonni. Na san wahalar da ka zaɓa daban take da wadda ta faɗo maka, ba na haɗa su. Amma a ta farkon na koyi yadda ake ɗaga ƙafa a ta biyun.

7/ Abin ba sabo ba ne. Marubucin Italiya Petrarka ya ba da labari a wata wasiƙa cewa ranar 26 ga Afrilu 1336 ya hau tsaunin Ventoux a kudancin Faransa, mai tsawon sama da mita 1,900, tare da ƙanensa. Ƙanen ya miƙe sama kai tsaye, shi kuwa ya yi ta kewaye yana neman hanya mai sauƙi, har ya fi shi gajiya. Da ya kai ƙololuwa ya buɗe littafin ikirari na Agustin, babban malamin Kirista wanda ya riga shi da shekara fiye da 900, idonsa ya faɗa kan wurin da ke cewa mutane na zuwa su yi mamakin dogayen tsaunuka, su manta da kansu. Ya rufe littafin, ya gangaro bai ce uffan ba. Tun da na karanta wannan, ba na fita sai da tsohon littafi ɗaya a jaka.

8/ Ga yadda take zama a baki: "Asabar za mu yi tattakin tsauni." "Takalmin tattaki." "Abokan tattaki." Idan cikin kurmi ne, tattakin daji. Sunan mai yin abin ne ya rage: na gwada "matattaki", harshena bai karɓa ba, don haka ina nan a kan "mai tattaki". Malaman harshe da ke nan, ku duba mana wannan.