Notin taya ya ƙi kwancuwa, kansa kuma ya gaugaye

Ɗan Pantami:
Assalamu alaikum. Corolla ce 2008 mai wilin alminiyam. Tayar gaba ta dama ta sace, noti huɗu sun sassauta, na biyar ya kafe. Wil-sifana ta yi ta zamewa har kusurwoyin notin suka cinye. Jibi zan kama hanyar Dadin Kowa. In kai ta wajen mai walda ne, ko akwai dabara kafin nan?

Usta Bolari:
Wa alaikumus salam. Malam, dakata da walda tukuna. Ka mayar da noti huɗun nan ka ɗaure su sosai, don yanzu nauyin wilin duka a kan na biyar ɗin yake, shi ya ƙara masa tauri. Sauke motar daga jak, taya ta taka ƙasa, ja birkin hannu, sa dutse a bayan taya.

Fesa WD-40, man feshin nan mai sake tsatsa, a gindin notin, in babu a ɗiga kananzir, a ba shi minti 20. Notin Corolla milimita 21 ne. Tunda kansa ya cinye, nemo soket 20 mai kusurwa shida, ka ɗora, ka buga da guduma har ya shige ya ciji ƙarfen. Mai kusurwa goma sha biyu a bakin kusurwar noti kawai yake kamawa, shi ne ma yake gaugaye shi. Sai ka sa sandar soket mai kauri, ka zura mata fayif mai tsawon mita ɗaya, ka juya hagu. Da nauyin jiki ake danna shi a hankali, ban da tsalle a kai, don tsalle ne yake karya bol. Wani ya riƙe kan soket ɗin ya tsaya miƙe. In ya yi ƙara bai motsa ba, ɗan matsa shi dama kaɗan sannan ka dawo hagu, haka tsatsar take sakewa. Soket ɗin kam ka ɗauka ya tafi, don haka a sa mai araha.

Mai faci, Tashar Dukku:
Usta ya faɗi daidai. Abin da zan ƙara a kan wuta ne. Kada a haska gas a wilin alminiyam, zafi yana raunana shi ba tare da ido ya gani ba, yana kuma narkar da giris ɗin boris. In dole sai an yi walda, wato a liƙa sabon noti a kan tsohon, a fara cire ƙwayar bawul, a ɓalle bakin tayar daga wili. Roba in ta ɗau zafi daga ciki tana iya fashewa bayan an gama aikin, sace iska kaɗai ba ya hanawa. A cire kan batir, wayar ƙasa ta injin walda kuma a maƙala ta a jikin notin, kada wuta ta ratsa ta boris.

Direban Kumo:
Masu Canter su duba kan bol kafin su sa ƙarfi. In an buga L, wannan ɓangaren hagu ne mai zaren baibai, dama ake juya shi ya kwance. Corolla ba ta da wannan.

Ɗan Pantami:
Usta, in soket 20 ɗin ma ya zame fa?

Usta Bolari:
To sai huda. Notin Toyota na wilin alminiyam a cikin rami yake zaune, cizal ba zai kai gare shi ba sai ya ɓata wilin. A huda tsakiyar notin a bi ta cikin bol ɗin, a fara da bakin diril milimita 4, a koma 8, a ƙare da 11, ana ɗiga baƙin mai don kada bakin ya ƙone. Bol ɗin kaurinsa milimita 12 ne, da ya zama ɓawo notin zai ɓallo. Daga nan a kwance birkin da faifansa, a buge guntun ya fita ta baya, a zura sabon bol mai lamba M12 x 1.5, a jera washa biyu ko uku a ja shi da noti har kansa ya zauna. Haka za a yi in noti yana juyawa tare da bol ɗin bai fita ba.

Wajen mayarwa, a goge tsatsa da buroshin waya, kada a shafa giris, don zaren da ya sha mai yana wuce ƙa'idar ɗauri. A fara sa kowane noti da hannu, a ɗaure tsallake-tsallake kamar tauraro. Ƙa'idar Corolla 103 Nm ce, kwatankwacin kilo 30 a kan sanda mai santimita 35. Bindigar iska ta ɗaure noti da ɗauri da fayif su ne suke jawo irin wannan. Kana isa Dadin Kowa ka tsaya ka sake taɓa duka biyar ɗin.