Neman shawara: Mun sauke ma'aji, jama'a sun ce sai an faɗa musu dalili

Assalamu alaikum. 'Yan uwa ku taimaka min da shawara, yau kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Ni ne shugaban ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu, a yankin Garun Malam. Ruwanmu daga madatsar Tiga yake zuwa, kuma duk shekara mukan haɗa kuɗi a yashe ƙaramin kanal ɗin da ya ratsa gonakinmu, saboda laka da ciyawa. Bana ana gobe za a sallami masu aiki, sai ga ma'ajinmu bayan isha'i. Ya zauna a gefen tabarma, ya cire hula yana murza ta a hannu, ya kasa kallona. Da ƙyar ya ce ya taɓa kuɗin. Matarsa ce haihuwa ta zo mata da gardama, sai da aka yi mata aiki a birni. Ya rantse zai biya da zarar ya kai tumatirinsa kasuwar Kwanar Gafan.

Mu biyar na kwamiti muka zauna, muka cike kuɗin daga aljihunmu, muka sauke shi, muka yi alkawarin maganar ba za ta fita ba. A taro cewa kawai muka yi an canza ma'aji. Wanda aka ɗora kuwa ɗan baffana ne, don shi ya fi mu iya lissafi.

Yanzu gari ya ɗauka wai na tsige bawan Allah ne don in sa ɗan gidanmu. Jiya ina isa majalisa kowa ya yi tsit. Wasu sun ce ba za su ƙara ba da ko sisi ba sai sun ji dalili. In fito in yi bayani, ko in ci gaba da haɗiyewa?

Dattijo daga Bunkure: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka riƙe bakinka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A ƙauye idan aka kira mutum ɓarawo sau ɗaya, har jikokinsa sai an goranta musu, kuma wataƙila yana da 'ya'ya mata da za a zo nema. Mutumin nan da ƙafarsa ya zo, ba kama shi kuka yi ba. Zagin da ake maka zai wuce kafin a yanke alkama.

Matashi daga Kura: Baba, a gafarce ni, amma ban yarda ba. Kuɗin nan ba na mutum biyar ba ne. Akwai wanda sai da ya sayar da akuya ya biya nasa kason. Wanda ya zuba kuɗi yana da haƙƙin ya san abin da ya faru da su. Irin wannan rufa-rufar ce take kashe ƙungiyoyi a yankinmu, baɗi ka kira a yashe kanal ka ga babu kowa, kuma masu gona a ƙarshen layi su za su kwana a ciki, ruwa ba zai isa gare su ba.

Malamin Islamiyya: Shugaba, abu biyu ka haɗa, ka raba su. Asirin mutum daban, lissafin jama'a daban. Annabi (SAW) ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi, kuma idan zai yi gyara yakan ce me ya sami wasu mutane suke kaza, ba ya kama suna. Amma ka duba bayan yaƙin Hunaini, shekara ta 8 bayan Hijira. Da aka raba ganima Ansaru suka ji ba daɗi, bai ƙyale su da zatonsu ba, tara su ya yi ya bayyana musu dalili har suka zubar da hawaye. To ka tara mutanenka, a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, kowa ya ga kuɗinsa sun yi aikin da aka tara su dominsa. Ka ce kwamiti ne ya yanke, ba kai kaɗai ba. Kada ka yi ƙarya, kada kuma ka ce babu abin da ya faru.

Uwar adashi daga Ringim: Yayana, ni dai inda na ga ka yi kuskure ɗora ɗan baffanka. Ko waliyyi ne sai an yi magana. Ya ajiye, jama'a su zaɓi wanda suke so da hannunsu. Sannan ka koma wurin tsohon ma'ajin, ka faɗa masa irin zagin da kake sha saboda shi. In mai kunya ne, shi zai nemi ya yi magana da bakinsa.

Mai neman shawara: Allah ya saka muku da alheri. Na je wurinsa da asuba, na same shi yana ban ruwa. Ya ce in ba shi zuwa tsinkar tumatir ta biyu, yana so ranar da zai tsaya gaban mutane kuɗin suna hannunsa. Ɗan baffana ya yarda zai ajiye. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu karanta lissafi a ƙofar gidan mai unguwa. Malam, idan wani ya miƙe a wurin ya tambaye ni kai tsaye ko an taɓa kuɗin, me zan ce masa?