Idan kuɗi ya shiga tsakanin uwa da ɗa

Da aka tattauna batun uwar da ba ta kiran ɗanta sai ƙarshen wata don neman kuɗi, yawancin masu tattaunawar cewa suka yi ɗan ya zauna ya faɗa mata ainihin albashinsa. Tun cire tallafin mai a 2023, mai ɗaukar naira 70,000 da ƙyar yake kai wata, amma Inna na ganin shadda a jikinsa sai ta zaci ɓoyewa yake. Suka kuma ce ya yanke mata abin da zai iya duk wata, ya daina ƙin ɗaga wayarta, ya je gaisuwa ko da hannu rabbana. A ganina sau da yawa tsoron tsufa ne ke sa uwa yin haka, ba kwaɗayi ba. Iyaye mata kuwa aka ce su bar gorin "ɗan wance ya kai uwarsa Makka".