Me za mu kira "professionalism" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. A takardar da manyan likitoci ke cikewa kan likitan da ke samun horo a fannin taɓin hankali, akwai wani gurbi da Bature ya kira "professionalism". Tun 1999 hukumar da ke sa ido kan horon likitoci a Amurka ta sanya shi cikin abubuwa shida da ake auna mai koyo da su. Mu me za mu ce masa?

An fi fassara shi da ƙwarewa, ni kuwa ban gamsu ba. Likita na iya gane ciwon damuwa tun majinyaci bai gama zama ba, ya rubuta maganin da ya dace, sannan da yamma ya je majalisa ya fesa abin da aka gaya masa a asirce. Ƙwararre ne, amma a wannan gurbin ya faɗi.

Wani malami ya kawo ɗa'ar aiki. Ta kusa, Malam, sai dai ɗa'a ta fi kai hankali ga ladabi da taushin harshe. Dattako ma na so shi, amma yana da ƙamshin furfura.

Na fi karkata ga riƙon amanar aiki. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa asibitin taɓin hankali na Dawanau ko na Barnawa ya san kacokan ake miƙa mutum, da asirinsa da na gidansu. Kuma mai wannan lalura in an cuce shi ya yi ƙorafi, sai a ce ai ba ya cikin hayyacinsa. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a Najeriya kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, saboda haka kare haƙƙin majinyaci ya daɗe yana rataye a wuyan likitan da ke gabansa. Zuwa a kan lokaci, rubuta gaskiya a fayil, faɗin kuskure ga na gaba, rashin ƙulla wata hulɗa ta daban da majinyaciya, duk amana ta tattara su.

Ta kuma zauna a baki: ya riƙe, ya yi sakaci, ya ci amana. In aka tambayi ma'aikaciyar jinya da ke kwana da likita a bakin aiki ko wane yana riƙon amanar aiki, nan take za ta ba da amsa, ba sai an yi mata bayani ba.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka yi karatun likita da Faransanci, me kuke cewa a asibitocinku?