Neman shawara: motata ta daina amsa totur yadda ta saba

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin gazuwal a kan wata matsala da ta dame ni tun ƙarshen hunturu. Motata Peugeot 406 ce ƙirar 1997, mai injin lita 1.9 da tarbo (na'urar da ke matsa wa injin iska), irin wadda aka yi kafin fitowar HDi, wato injin gazuwal mai aiki da kwamfuta, kuma shekara biyar ke nan ina zirga-zirga da ita tsakanin Maraɗi da Tasawa. Tun da na saye ta na san ba mai zafin tashi ba ce, amma a da, da zarar allurar juyin injin ta kai wajen 2000, sai in ji kamar an ingiza ni daga baya. Yanzu wannan ƙarfin ya ɓace. Makon jiya na fito zan wuce wata babbar mota mai ɗauke da buhunan aya, na taka totur har ƙasa, motar ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita ba ta gaba ba ta baya, har sai da na hango wata na tahowa na koma layina jiki na ɓari. A daidai Gazawa abin ya faru, sunan garin kuwa ya dace da halin da na shiga. Ba ta hayaƙi, ba ta zafi, kuma da safe bugu ɗaya take tashi. Wani bakanike ya ce in kawo ya juya wata ƙusa a jikin famfon gazuwal domin ya ƙara mata mai. Shin in yarda, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Wani tsohon direba daga unguwar Zariya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, mun gode wa Allah da ya tsare. Ya kamata ka raba abu biyu, wato nawar da aka ƙera motar da ita da kuma wadda ta same ta daga baya. Tarbo hayaƙin da injin ke fitarwa ne yake juya shi, saboda haka idan injin yana tafiya a hankali, hayaƙin bai isa ya juya shi da ƙarfi ba, kuma motar ba ta da bambanci da wadda ba ta da tarbo kwata-kwata. Wannan injin naka sai wajen juyi 2250 a minti yake ba da cikakken ƙarfin jansa. Mu da muka yi shekaru a hanyar Yamai mun koyi cewa ba a neman wuce babbar mota a giya ta biyar allura tana kwance a 1500. Ana saukowa ta huɗu ko ta uku tun ana bayanta, a bari allurar ta hau, sannan a fito. Ka kuma tuna cewa iskar watan Afrilu mai zafi ba ta kai ta sanyi kauri ba, ga na'urar sanyaya mota tana cin nata rabon, don haka kowace tsohuwar mota tana ɗan yin kasala a bazara. Sai dai tunda ka ce ƙarfin da ke zuwa a 2000 ya ɓace gaba ɗaya, to naka ba na yanayi ba ne, akwai abin da ya lalace.

Wani mai gyaran famfon gazuwal daga Sabon Gari:

Alhaji, maganar da ta fi ja mini hankali a cikin bayaninka ita ce motar ba ta hayaƙi, domin a wurinmu hayaƙi shi ne shaida ta farko. Idan iska ce ta yi wa injin ƙaranci, ko saboda filtar iska ta toshe da ƙura, ko babban tiyo da ke kai iska daga tarbo ya tsage, ko bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin injin ya maƙale a buɗe, za ka ga baƙin hayaƙi yana bin ka duk lokacin da ka taka, saboda mai ya fi iska yawa. Idan kuwa mota ta yi sanyi amma salansa tana fitar da hayaƙi mai tsabta, to mai ne ba ya isa, kuma a can za a nemi laifin.

A irin wannan injin totur ba ya buɗe wa iska ƙofa kamar yadda yake yi a motar fetur. Waya ce kawai ta tashi daga ƙafarka zuwa wani hannu a jikin famfo, famfon kuma shi ke auna man da zai shiga. A samansa akwai wani ɗan murfi mai faifan roba a ciki, kuma wani siririn tiyo, wanda bai fi fensir kauri ba, yana kawo masa iskar da tarbo ya matsa. Muddin wannan iska ba ta danna faifan ba, famfon zai ci gaba da riƙe mai, yana zaton tarbo bai fara aiki ba, ko da kuwa ka taka totur har ya taɓa ƙasa. Zafin garin nan yana busar da wannan tiyo ya tsattsage, galibi ta ƙasa inda ido ba ya gani, kuma na sha ganin mutane sun sayi sabon tarbo alhali nasu lafiyarsa ƙalau. Ka cire siririn tiyon, ka toshe baki ɗaya da yatsa, ka busa ta ɗayan. Idan iska tana fita, ka ga ɓarawon. Bayan haka ka kashe injin, ka sa yaro ya taka totur har ƙasa, kai kuma ka tsaya ka ga ko hannun famfon ya kai ƙarshen tafiyarsa ya dafa ƙusar da ke tare shi, domin waya tana saki da tsufa. Filtar gazuwal ma a sauya ta, musamman idan kana shan mai na jarka a bakin hanya, wanda ba a rasa shi da ruwa ko ƙasa.

Wani mai 406 HDi daga Ali Ɗan Sofo:

Malam, tawa ta taɓa yin haka, da aka sa mata kwamfuta sai aka gano na'urar auna iska ce ta mutu. Ka gwada kai ta a duba.

Mai gyaran famfo ya sake cewa:

Ƙanena, taka daban ce. HDi ta shigo 406 ne daga baya, kuma kwamfuta ce ke raba mata mai, ita kuwa ta Alhaji famfonta na ƙarfe ne da waya, ba ta da wannan na'urar da ka ambata.

Wani ɗan kasuwa daga Tibiri:

Ni a kan maganar ƙusar ƙara mai zan tsaya, domin na ɗanɗana kuɗata. Ina da 405 mai irin wannan injin, na kai ta wani gareji aka juya mata ita, kuma gaskiya kwana biyu na ji daɗinta, tana tashi kamar doki, sai dai duk wanda ke bayana a kan babur sai ya toshe hanci. Ba a yi wata uku ba ta fara shan ruwa, lagireto yana tafasa a hanyar Dakwaro, da aka buɗe sai ga kan injin ya tsage. Kan wannan injin na alminiyom ne, kuma man da ya wuce ƙima yana ƙara zafin ƙonewar da ke cikinsa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ainihin laifin, wato filtar da ta toshe, yana nan ba a taɓa shi ba. Alhaji, kada ka bari a taɓa ƙusar nan sai an gama duba duk abin da aka lissafa maka.

Mai tambaya ya dawo bayan kwana uku:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar mai gyaran famfo, kuma siririn tiyon ne: ta sama kamar sabo, da na lanƙwasa shi sai ga tsaga ta buɗe baki daidai inda yake shiga murfin. Wayar totur ma ta saki, har yatsana yana shiga tsakanin hannun famfo da ƙusar da ya kamata ya dafa. Da sabon tiyo da filta da ladan aiki, jaka tara na kashe. Jiya na je Madarumfa na dawo, ƙarfin ya komo daidai inda na san shi. Ƙasa da 2000 kuwa har yanzu tana jan ƙafa, kuma Baba direba, na fara saukowa giya ta huɗu tun ina bayan babbar mota kamar yadda ka ce. Abu ɗaya ya rage: da na cire babban tiyo na ga ɗan danshin baƙin mai a cikinsa, kuma ranar Asabar zan kai wa mai gyaran famfo ya taɓa tarbon da hannunsa ya ji ko yana girgiɗi.