Tsofaffin bindigogin soja: har yanzu suna da amfani?

A wata muhawara kan ko tsofaffin bindigogin soja suna da amfani har yanzu, ra'ayin da ya rinjaya shi ne harsashi bai san shekarun bindiga ba. Mosin-Nagant ta Rasha, wadda aka fara ƙerawa a 1891, tana harba 7.62x54R, harsashin da bindigogin soja na baya-baya, PKM da Dragunov, ke amfani da shi har yau. Dakarun sintiri na arewacin Kanada ma sun riƙe Lee-Enfield, tsohuwar bindigar Birtaniya, shekaru da dama, saboda ba ta cijewa a tsananin sanyi.

Inda tsofaffin bindigogin suka gaza shi ne sauri. Mosin harsashi 5 take ɗauka, kuma bayan kowane harbi sai ka ja sakata baya, kwanson ya faɗo, ka tura wani. Mai AK-47 kuwa yana da 30 a jigida ɗaya. Tun Yaƙin Duniya na Biyu aka lura yawancin artabu a ƙasa da mita 300 ake yinsa, inda yawan ruwan wuta ya fi dogon zango tasiri. Tsofaffin kuma ga nauyi, ga tsawo, ga wuyar ɗora madubin hange.

A ganina nan masu kare tsofaffin suka ɗan yi zuzutawa: kisa daban, cin yaƙi daban.

Shawara ga wanda doka ta ba izinin mallaka: maƙerin bindiga ya duba ta kafin harbin farko. Tsofaffin harsasai da yawa na barin gishiri a bututu, don haka a wanke shi da ruwa, a busar, a shafa mai, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi.